Ƙarfen da Na Ɗaura wa Motar Magagi

Kwana goma sha biyu kafin mu rufe Magagi, ya jefo wani faffaɗan ƙarfe a ƙofar maƙerata, har kajin matata suka watse. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya ji muna wasa ya yi zaton da wasan za a ƙare.

"Maƙeri, taso ka ga abin da na samo," in ji shi. "Wata shida ina jigilar siminti ga masu ginar rijiyar kumandan kamin su bar mini shi."

Na ajiye masaba na fito. Kaurin ƙarfen ya kai ƙaramin yatsa, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa kamu ɗaya da ɗan ƙari. Na ƙwanƙwasa shi da awartaki, ya amsa da murya mai tsabta. Ban taɓa riƙe ƙarfe mai kyaunsa ba.

Magagi maƙwabcina ne a Filinge, dangar kara ɗaya ta raba gidajenmu. Tsohon soja ne. A can soja ya koyi tuƙi, da aka sallame shi ya dawo daga Yamai da wata tsohuwar kamiyo ta soja, babbar motar kaya, wadda ya sa wa suna Tsohuwa. Da ita yake kai gishiri da gero da fatu tsakanin Filinge da Bonkuku da Abala. Ni ina kiransa Soja, shi yana kirana Maƙeri. Sunana Kailu, amma ban tuna ranar da ya kira ni da shi ba.

Ya ja ni muka zagaya motar, yana nuna mini da sandar rake da yake sha.

"Wuri uku ne Tsohuwa ke iya mutuwa," ya ce. "Ga gaba, inda radiyata take, mai ruwan sanyaya inji. Itace na soke ta, ƙahon sa na soke ta. Ga karte nan ƙarƙashin inji, tukunyar da baƙin mai ke kwana. Ga kuma tankin isansi, man da take sha, ƙarƙashin kujera. Ƙarfe ɗaya gare mu."

"A raba shi."

"In ka raba shi, ba rabin da zai ruhe komi. Saurara ka ji yadda aka jera su. Radiyata in ta huje, in zuba mata garin taba, ta toshe, in iso gida. Tanki in ya tsage, in murje shi da sabulu, in iso gida. Karte in dutse ya hwasa ta, Tsohuwa ta mutu inda take, ko annabin ƙira aka kira. Karte hwarko. Sauran su jira Allah shi ba mu wani ƙarfe."

Na ce na ji. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani.

Sai ya tofar da tuƙar rake ya ƙara da cewa, "Ka gama kamin Talata. Ranar zan mai da ɗiyata gidan mijinta. Gaba za ta zamna, kusa da ni, ita da jinjirin. Ba na aza mai jego bisa buhun gishiri."

Ɗiyar da yake nufi tawa ce. Haske, ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Abala. Ta zo gida ta haihu haihuwar fari, ta yi wankanta na kwana arba'in, lokacin komawa ya yi. Na dubi kujerar da ya ce za ta zauna. Na dubi tankin da ke ƙarƙashinta.

Ina saurayi an ɗebe mu aikin tilas a hanyar garin Damana. Ina riƙe da kwandon tsakuwa wata kamiyo ta taka kututture, kututturen ya farke mata tanki. Kafin mu ajiye kwanduna wuta ta kama. Akwai mutum a kujerar gaba, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mun ji muryarsa har ta daina. Ni maƙeri ne, da wuta nake cin abinci, amma waccan ba irin wutarmu ba ce. Tun daga ranar ko warin isansi na ji sai yawuna ya tsinke.

Wani zai ce, to ka gaya masa mana. Wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai ba zai ce haka ba. Ɗiyar fari ce. Ban taɓa faɗin sunanta na yanka ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Da ta yi ƙyanda tana ƙarama, bayan rumbu na tsaya ina sauraron tarinta, in wani ya zo wucewa in yi kamar ina gyaran jinka. Magagi ne ya sa mata Haske, shi ne ya ɗora ta a wuya ya kai ta kallon dambe, shi ne ya yi mata faɗa da ta fasa tulu. Namiji mai furfura ya buɗe baki ya ce ina jin tsoro saboda ɗiyata ta fari, wannan magana ba ta da hanyar fita a bakina.

Saboda haka na ɗauki igiyar awo na shiga ƙarƙashin mota. Na auna karte. Na auna ƙarfe. Daidai suke, kamar an yanke shi dominta. Na daɗe kwance a wurin ina kallon baƙin mai yana ɗiga a yashi.

Na fito na ce, "Ba ya zamnawa."

"Mi?"

"Sandar da ta haɗa ƙahwahun gaba za ta riƙa dukan shi. Kuma ba inda zan huda in sa bulon in ɗaure shi."

Magagi ya dube ni har na sunkuyar da kai ina kaɗe ƙasa daga wando.

"Awonka ne wanga?"

"Awona ne."

"Igiyar taka ta sha ruwa ke nan. To ina yake zamnawa?"

"Ƙarƙashin tanki. Can kamar an auna."

Ya yi dariya har ya dafa motar. Tsofaffi biyu da ke jiran in gyara musu hauya suka taya shi, ba su san abin da ake wa dariya ba.

"Ku gane mini maƙerin da ke tsoron wuta," ya ce. "To, Maƙeri. Kai ne mai guduma. Ɗaura shi inda ya zamna."

Kwana biyu na yi a kansa. Na gasa kusurwoyinsa huɗu na huda su da matsoni, na lanƙwasa bakinsa na gaba ya yi kamar goshin kwalekwale, don in ya gamu da abu ya zame ta kansa. Hawa, matar Magagi, ta aiko mana da fura sau biyu. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Da na ɗaure bulon na ƙarshe, matata Mairama ta leƙo maƙera ta ce a hankali, "Ka gaya mishi dalili?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Ranar Talata da hantsi aka loda kaya: ƙore, tukwane, damin gero biyu da aka sussuke, man shanu, da buhunan gishirin Magagi. Yayata Muna ce za ta raka mai jego. Isufu, dattijon da ke taya Magagi aikin mota, kurkunu ya kwantar da shi, don haka su uku suka tafi, da jinjiri na huɗu. An rataya salka biyu cike da ruwa a gefen mota.

Ni ina cikin maƙera ina dukan ƙarfen da ba ya bukatar duka. Haske ta zo bakin ƙofa ta durƙusa.

"Baba, za mu tahi."

"Allah shi kiyaye hanya," na ce, ina kallon uwar maƙera.

Ta cikin ɓular danga na ga Magagi ya karɓi jinjirin ya riƙe har ta hau, yana ce masa, "Kai ne sabon kumandan, ni direbanka." Ya murɗa hannun tayarwa, Tsohuwa ta yi tari ta kama. Da zai wuce ya leƙo ya ce, "Maƙeri, ka ajiye mini goro, gobe da la'asar ina nan."

Laraba da la'asar bai zo ba. Na ce a raina surukai sun riƙe shi, ba a kai mai jego a juyo da yunwa. Alhamis Hawa ta tsaya a bakin danga ta ce, "Malam Kailu, bai taɓa kwana biyu a Abala ba." Na ce mata yashi ne, bazara ce, ƙila yana jiran sanyin safiya. Ranar ban hura wuta ba. Na fita bayan gari ta arewa har sau huɗu, ina kasa kunne.

Juma'a ana fitowa daga masallaci wani Bafillace ya shigo unguwa yana jan raƙumi. An ɗaure mutum a kai da rawani don kada ya faɗo. Da takalman soja na gane shi.

Bafillacen sunansa Jibo. Abin da ya faru, daga bakinsa na ji rabi, sauran daga bakin Muna bayan ta dawo.

Da rana ta take ranar Talata, yashin kwari ya yi zafi, inji ya fara tafasa. Magagi ya bar kwari ya hau fako, inda ƙasa ke da tauri. A can wani dutse da busasshiyar ciyawa ta rufe ya shiga ƙarƙashin mota. Karte ta fashe, baƙin mai ya tsiyaye duka a ƙasa, Tsohuwa ta tsaya. Wannan hanya mota ɗaya ke bin ta, ita ce wadda ta mutu. Ya kafa wa matan inuwa da tantin kaya, ya sauke salkunan biyu ya ajiye kusa da Haske, ya cika ƴar butar alwala zai tafi neman ruwa. Muna ta roƙe shi ya ɗauki salka ɗaya. Ya ce, "Mai shayarwa ruwan mutum biyu take sha. Rijiya na nan kusa, na san ta."

Ya san ta kuwa. Ya isa ya tarar ta rufta, makiyaya sun tashi. Bai juyo ba, don in ya juyo ruwan mata zai sha. Ya nufi ta gaba. Alhamis da safe Jibo ya tsince shi ƙarƙashin aduwa, harshensa ya kumbura ya cika baki. Da aka kawo masa ƙwarya ya ture ta. Ya nuna sawun ƙafarsa a ƙasa, ya naɗe hannuwa a ƙirji yana jijjigawa kamar mai lallashin jariri, ya sake nuna sawun. Sai da ya ga ƙannen Jibo biyu sun hau raƙuma sun bi sawun, sannan ya yarda aka ɗiga masa ruwa. Sun tarar da matan da rai, saura rabin salka. Suka kai su Abala.

Muka kwantar da shi a rumfar tsakar gidansa. Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura, ya tambayi Hawa ko ya yi fitsari. Ta ce tun da aka kawo shi bai yi ba. Washegari ya dawo ya yi tambayar, ta ba shi amsar jiya. Ya rufe jakarsa ya ce a riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan. A ƙofar gida ya ce mini ƙodarsa ta ƙone, ba abin da ke cikin jakar nan da zai tashe ta.

Lahadi ranar kasuwar Filinge ce. Ana jin kukan jakuna da hayaniyar masu awo har cikin gida. Masu dubiya suka ragu, Hawa ta shiga ɗaki dama kunu. Fuskarsa ta kumbura, amma harshen ya saki, yana magana a hankali. Na matsa kusa da tabarmarsa ina kore masa ƙuda.

"Ina goron da na ce ka ajiye?" ya ce.

"Yana nan. Ya bushe."

"Kai ma ka bushe. Dubi wuyanka kamar na zakaran da anka hige."

Sannan na ce, "Soja, ƙarfen nan."

"Yana zamnawa. Na sani."

Mafici ya tsaya a hannuna.

"Ni na auna shi tun a bakin rijiya, kamin in roƙe shi," ya ce. "Kana zaton zan yi jigilar wata shida a kan abin da ban auna ba?"

"To don mi ba ka ce komi ba?"

"In ce mi? Ga tsohwahhi biyu zamne. In matsa maka har ka hwaɗi abin da ke ranka gabansu? Shekara ashirin ina kallonka kana laɓe bayan rumbu." Ya huta, ya lashi leɓe. "Motata ce. Ni na ce ka ɗaura. Na ce tahiya ɗaya ce, in na dawo in sa ka kwance shi ka mai da shi inda ya kamata, in yi maka dariya har damana."

"Ka yahe mini."

"Na yahe. Jinjirin hwa?"

"An aiko. Yana shan nono."

"To." Ya rufe ido, na zaci barci ne. Sai ya ce, "Ka je ka jawo Tsohuwa. In ta daɗe can, za a yanke mata ƙahwahu a yi takalma. Kuma igiyar nan taka ta awo, ka ba Mairama ta ɗaure akuya."

Litinin da hantsi ya cika. Ni na riƙe kansa aka yi masa wanka. Tsofaffin soja shida suka zo da jajayen hulunansu suka tsaya a jere a bakin kabari, ba wanda ya ce musu su yi haka.

Bayan addu'ar bakwai na tsaya a bakin danga na kira Hawa. Tana cikin takaba, ta tsaya daga ciki, ba ma ganin juna. Na fara ba ta labarin awon. Ta katse ni.

"Ya gaya mini tun ranar. Ya shigo yana dariya, ya ce yau Maƙeri ya yi ƙaryar da ko yaro ba ya yi."

Na dafa dangar.

"Ni ban yi dariya ba, Malam Kailu," ta ce. Na ji takunta ta koma ɗaki.

Har yau muna gaisawa. In Mairama ta yi tuwo tana miƙa mata ta kan danga, tana karɓa. Ba ta sake aiko da fura maƙera ba.

Da aka kwana biyu na nemi shanun huɗa shida da mutum huɗu, Jibo ya yi mana jagora. Mun tarar da Tsohuwa a kan fako, tantin yana nan a kafe, ga duwatsu uku na murhun Muna. Ba wanda ya taɓa ƙafafunta. Baƙin mai ya yi tabo a ƙasa kamar inda aka yanka sa. Kafin a ɗaura igiya na ce su dakata, na kwanta na shiga ƙarƙashi.

Ramin da ke jikin karte hannu zai shiga. Na sa hannun na fitar. Sannan na ja jiki baya, don in ga aikina.

Ƙarfen yana nan, bulon huɗu ba wanda ya motsa. Amma a goshin da na lanƙwasa akwai wani gurbi mai zurfi, ƙarfe ya lotsa ciki har yatsana biyu suka kwanta a wurin. Daga gurbin wata ƙujewa ta tafi har ƙarshensa, fara tas, tsatsa bai kama ta ba tukuna, da jar ƙasar dutse maƙale a ciki. Bisa wannan gurbi daidai tanki yake, cike da isansi, ko ɗigo bai zubar ba. Bisa tankin kujera.

Na daɗe a kwance har Jibo ya sunkuyo ya ce, "Baba, lafiya?"

Na bi sawun motar baya na tarar da dutsen, da baƙin mai a kansa. Na duba ko zan gane in shi ne ya wuce ya doki ƙarfen bayan ya fasa karte. Shanun makiyaya sun bi ta wurin, sun tattake komai. Akwai duwatsu da yawa a fakon nan, kuma tun daga Filinge akwai kututture a hanya. Gurbin zai iya zama na wannan dutse. Zai iya zama na wani abu tun da safe, wanda da tanki ne ya gamu da shi, ƙila ya tsage kaɗan a murje shi da sabulu, ƙila kuma abin da na gani a hanyar Damana. Da ƙarfen yana ƙarƙashin karte, ƙila ya ɗaga motar ta haye dutsen gaba ɗaya, Magagi ya dawo Laraba ya ci goronsa. Wanda zai duba gurbin nan sau ɗaya ya gaya mini, mun rufe shi kafin in ga gurbin.

Kwana uku muka yi muna jan ta. Yanzu tana ƙofar gidansa, ƙafafun sun sace, kajin Hawa suna yini a inuwarta. Ban kwance ƙarfen ba.

Na tambayi Muna ƙara nawa ta ji lokacin da motar ta daki dutse. Ta ce biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarƙashinsu, har haƙoranta suka haɗu. Na sa Mairama ta tambayi Haske da ta je Abala ganin jika, don ni ba zan iya ba. Haske ta ce ɗaya ta ji, amma jinjirin yana kuka a lokacin.

Wani lokaci in aiki ya yi sauƙi nakan kori kajin in shiga ƙarƙashi in sa yatsu biyu a gurbin. Tsatsa ya rufe ƙujewar yanzu. Ko ƙara ɗaya ce ko biyu, ban sani ba.